Kwana Tara Ni da Mamana a Jiragen Turai

Ni mutumin Tiga ne. Mahaifina masunci ne, yana cikin waɗanda aka tasa daga ƙauyukansu lokacin da ruwan dam ya zo, don haka a bakin ruwa na tashi, tsakanin komar kamun kifi da gonar rani. Da na yi karatu sai na zama malamin aikin gona a wata sakandare a Kiru. Matata 'yar Bebeji ce, haɗa magunguna ta karanta. Muna da 'ya ɗaya, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, Mamana nake ce mata.

Mamana na da shekara uku da 'yan watanni uwarta ta samu tallafin ƙaro karatu a ƙasar Hangari, a wani gari can gabas. Aka yi ta shawara a gida. Wasu suka ce a bar yarinyar wurin kakarta a Bebeji, wasu suka ce matar ta haƙura da karatun. Ni kuwa na nemi hutu a wurin aiki na ce tare za mu tafi, ita ta yi karatu ni in riƙe yarinya. Ranar da na gaya wa Inna, mahaifiyata, tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai da ko kwanon da ka ci tuwo ba ka taɓa ɗaurayewa ba, kai ne za ka yi reno?"

Na ce, "Inna, ai koya ake yi."

Ta ce, "To Allah Ya ba da sa'a. Amma kada ka dawo min da takwarata a rame."

Haka na zama mai reno a ƙasar da ban iya ko gaisuwarsu ba. Na koyi wanka da shafa mai, na koyi gane kukan yunwa da na rigima, na koyi tuƙa tuwon garin masara ba gudaji. Kullum da safe in kai ta makarantar yara, in tsaya a layi da iyaye mata, da yamma in ɗauko ta. Kafin shekara ta zagayo Mamana na zuba yarensu kamar a can aka yanke mata cibi, ni kuwa har lokacin da hannu nake nuna abin da nake so a kanti.

A bazara ta biyu aka rufe makarantar yara don dogon hutu, daidai lokacin da matata ke rubuta kundin bincikenta. Ɗakinmu ɗaya ne da ɗan kicin. Ta buɗe kwamfuta, Mamana ta haye cinyarta. Ta shiga bayi da littafi don ta samu sarari, Mamana ta tsaya a ƙofa tana bugawa. Wata rana na dawo daga cefane na tarar da ita ta kifa kai a tebur, shafi ɗaya ta kwana uku a kansa. Na ajiye leda na ce, "Kin ga, katin zamanmu ya ba mu damar shiga ƙasashen nan na maƙwabta. Zan ɗauke ta mu yi yawo, ki samu ki numfasa."

Ta dube ni ta ce, "Malam, kai kaɗai da ita? Ko Budafes, babban birnin ƙasar nan, ba ka taɓa zuwa ba sai da ni."

Na ce, "To yanzu zan je."

Kwana biyu tana ƙi, a na uku ta yarda. Ta je ofis aka buga mata takarda da hatimi, mai nuna cewa da saninta na fita da yarinyar, domin a can uba ma ba ya tsallaka iyaka da ɗansa haka kawai ba a tambaye shi ba. Ta zaunar da Mamana ta yi mata ƙananan kitso, ta ce zai kai mu mu dawo. Na goya babbar jaka a baya, da darduma da 'yar butar roba da dabino da maganin zazzaɓi. Mamana ma ta rataya tata 'yar jakar, mai fensiran kala da takardun zane. A tasha uwar ta riƙe hannuna ta ce, "Ko bayi za ka shiga kada ka sake ta." Jirgin ƙasa ya ja, Mamana na ɗaga mata hannu tana dariya.

Viyana muka fara sauka, babban birnin Ostiriya. Abin da ya fara kama ni a can ba manyan gine-gine ba ne, sallah ce. A gida idan zan yi sallah uwarta na nan ko ƙofa na rufe. A nan kuwa azahar ta same mu a wani lambu cike da jama'a, ga tattabaru, Mamana kuwa in ta ga tattabara ba ta san uba ba. Na yi ta tunani, sai na cire rawanin da nake naɗewa a wuya, na ɗaura gefe ɗaya a ƙugunta, ɗaya a idon sawuna. Na shimfiɗa darduma bayan wata bishiya na tayar da kabbara. Ina ruku'u ina jin ana jan ƙafata kamar kifi ya ci ƙugiya. Da na sallame na ga wata tsohuwa a kan benci tana dariya har da share ido. Ta ɗaga min babban yatsa. Ni ma na ɗaga mata.

Washegari Juma'a, na nemi masallaci a waya na samu na Turkawa, a ƙasan wani bene. Ba ni da wanda zan bar wa yarinya a sashen mata, sai na shiga da ita sahun maza ina ɗar-ɗar kada a kore mu. Wani dattijo mai farin gemu ya matsa ya ba ta wuri tsakaninsa da ni. Da aka tayar da sallah ta miƙe ta ɗora hannu a ƙirji kamar kowa, ta yi ruku'u ta yi sujada, ba ta yi motsin banza ko ɗaya ba. Aka idar, dattawan nan suka kewaye ta, wannan ya ba ta alewa, wancan ya shafa kanta yana masha Allah. Ɗaya ya tambaye ni da ɗan Larabcinsa wa ya koya mata. Na nuna ƙirjina. Na fito daga masallacin nan ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Daga nan muka hau jirgin da ya ratsa duwatsu ya gangara Italiya. Na saba da duwatsun Doguwa in ce na ga tsauni, ashe ban ga komai ba. Jirgi ya shiga cikin dutse duhu ya rufe mu, Mamana ta ƙanƙame ni, ya fito sai ga kwari kore shar da shanu masu ƙararrawa a wuya. Da ta gane ramin ba ya cinye mutum sai ta koma jiran na gaba, in mun shiga ta ce, "Baba, dare!" in mun fito ta ce, "Gari ya waye!" Har mutanen da ke kusa da mu suka kama yi tare da ita ba su san me take cewa ba.

Venis na so gani tun ina ɗalibi, garin da aka ce titunansa ruwa ne. Muka fito daga tasha sai ga shi kuwa, ba mota ko ɗaya, jiragen ruwa ne ke ɗaukar fasinja, gidaje a tsaye cikin ruwa har bakin ƙofa. Na tsaya a kan wata gada na kira ƙanena a Tiga ta bidiyo na ce ya kai wa Baba wayar. Baba yana zaune a ƙofar gida. Bayan mun gaisa na juya masa wayar ya gani. Ya daɗe yana kallo. Ya kawo fuskarsa kusa har ina ganin goshinsa kawai, sannan ya ce, "Wannan ambaliya ce?"

Na ce, "A'a, Baba, haka garin yake. A cikin ruwan suka gina shi."

"Kuma da mutane a ciki?"

"Da mutane, ga ma wata can tana shanya."

Ya ce, "To su ba a tashe su ba ke nan." Ya faɗe shi ba da ɗaci ba, kamar mai auna abu. Sai ya shiga ba ni labarin tsohon ƙauyenmu da ke ƙarƙashin ruwan Tiga, inda rijiya take da inda tsamiyar kasuwa take, abin da bai cika yi ba. Ya ce in ruwa ya ja da rani yakan bi ta wajen a kwalekwale ya gane wurin da idonsa. Ina tsaye a gadar nan, 'yan yawon buɗe ido na ture ni, ina sauraron mahaifina. Mamana ta karɓe wayar ta ce, "Kaka, na shiga jirgin ruwa ban ji tsoro ba." Ya ce, "Ai jinin masunta ce ke, ina za ki ji tsoro."

Cunkoson Venis ya ishe mu a kwana ɗaya, sai muka matsa gabas zuwa wani ƙaramin garin masunta a bakin teku. A nan hankalina ya kwanta, don warin wurin irin na gida ne, kifi da jiƙaƙƙiyar igiya. Da hantsi muna zagayawa na ga wani tsoho zaune a kan akwati yana ɗinkin koma. Yatsunsa sun kumbura, sai ya kama ƙulli ya kuɓuce masa. Na tsaya ina kallo har hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na yi masa sallama da kai, na nuna komar na nuna kaina. Ya dube ni sama da ƙasa, baƙin mutum da jaka a baya da yarinya a hannu, sai ya ɗaga kafaɗa ya miƙo min allurar.

Na zauna a ƙasa na maƙale komar a babban yatsan ƙafa yadda Baba ke yi. Na fi shekara goma ban taɓa ɗinkin koma ba, amma hannu bai manta ba. Na rufe ɓarakar farko, tsohon ya ja ya gwada, ya sake ja da ƙarfi, sai ya ƙwala wa wasu abokansa biyu kira. Suka zo suka duƙa suna kallon ƙullina, domin ya ɗan bambanta da nasu. Ɗaya ya ce in sake a hankali. Na sake. Ba mu da yare ɗaya, amma mun fi awa muna hira. Na zana musu karfasa da tarwaɗa a takardar Mamana, na nuna musu girman giwan ruwa da hannuwa biyu, suka yi ihu wai ƙarya nake. Matar tsohon ta kawo mana soyayyen kifi a takarda. Mamana ta zare ƙaya da kanta yadda na koya mata, suka yi ta mamaki.

Da la'asar na kai ta ta shiga teku. Nan na yi kuskuren da uwarta ba za ta yi ba. Na bar ta ta yi ta nutso da birgima a yashi, kuma washegari ma muka koma. Ruwan gishiri da yashi suka shiga kitson nan, ya tashi ya cukurkuɗe, ta fara susa tana kuka. Na zauna a masauki na tsefe shi da ƙyar, na wanke, sai gashi ya tashi buzu-buzu, mataji ya ƙi shiga. Na so in kira uwarta, na tuna ita ce na ce ta numfasa. Na ɗaura wa yarinya ɗankwali muka fito haka nan.

A motar da za ta kai mu babbar tasha, ina lallashinta, sai na ji daga kujerar baya an ce, "Salamu alaikum, Bahaushe ne?" Na waiga da sauri har wuyana ya amsa. Wata dattijuwa ce mai jiki, da mayafi da ledojin cefane. Ta ce ita 'yar zangon Kumasi ce, ta daɗe a Italiya, mijinta na aiki a wata masana'anta. Hausarta irin tasu ce ta can, ba ruwanta da mace da namiji. Ta ɗaga ɗankwalin Mamana ta leƙa, ta kama baki.

"Malam, wa ya yi wa yaron nan haka? Ina uwansa?"

Na ba ta labari a taƙaice. Ta ce, "Ku sauka tare da ni. Jirgi ba ya ƙarewa."

Gidanta hawa na uku ne, ƙamshin daddawa ya tare mu tun daga matakala. Mijinta ya karɓe ni kamar ɗan'uwa, aka zubo mana shinkafa da wake da yaji. Ta ɗauko man kitso da kibiya ta zaunar da Mamana tsakanin ƙafafunta. Ta raba gashin ke nan na ce, "Hajiya, wata alfarma nake nema. Kada ki yi mata. Ki nuna min in yi."

Mijin ya ajiye cokali ya fashe da dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Da gaske kake?"

Na ce, "Yau Allah Ya haɗa ni da ke. Gobe in ya sake tsefewa a inda ba kowa fa?"

Ta tashi ta ba ni kujerar. Ta nuna min yadda ake jiƙa gashi da mai kafin a taje, a fara daga baki a gangaro tushe, yadda ake tsaga da kibiya, yadda ake raba uku a riƙa ɗaukowa kaɗan-kaɗan. Na farko ya warware kafin in kai ƙarshe. Na biyu ya karkace ya nufi kunne. Ta buge min hannu ta ce, "Ba igiyan shanu kake tufka ba, sassauta." Mamana na cewa, "Baba, da zafi," ni gumi na ɗiga daga haɓata. A na huɗu sai hannuna ya gane, na ga ashe ɗan'uwan ɗinkin koma ne, kowane zare da inda yake bi. Na yi guda shida manya, daga goshi zuwa ƙeya. Ba su miƙe sosai ba, amma sun zauna. Hajiya ta juya kan yarinyar hagu da dama ta ce, "Wallahi na ga matan da ba su kai ka ba." Mamana ta je madubi ta daɗe, ta dawo ta ce, "Baba, na yi kyau." A gidan muka kwana, da safe suka raka mu tasha da ƙunshin abinci.

Muka bi ta Sulobeniya muka kwana biyu, muka ga wani tafki da ban ga ruwa mai tsabtarsa ba, sannan muka kamo hanyar gida. Jirgi na shiga ƙasar Hangari 'yan sandan iyaka biyu suka hau, mace da namiji, suna duba takardu. Na miƙa fasfo da katin zama, nawa da nata. Namijin ya duba ya ce da Turanci, "Ina uwar yarinyar? Akwai takardar izini?"

Na ce akwai. Na buɗe aljihun da nake ajiye ta, babu. Na zazzage jakar a kan kujera, darduma da buta da kayan wanki duk a waje, babu. Na kira matata, wayarta a kashe, na san tana ɗakin karatu. Mutanen jirgin suka zuba min ido. Ɗan sandan bai ɗaga murya ba, amma ya ce in ban samu ba sai mun sauka a tasha ta gaba a bincika.

Sai macen ta durƙusa gaban Mamana ta yi mata magana da yarensu. Na zaci za ta ɓoye a bayana. Ina! Ta gyara zama ta shiga zuba, tana nuna ni, tana nuna kanta, tana ƙirga wani abu da yatsu. 'Yar sandan ta fara murmushi, ta sake tambayarta, Mamana ta buɗe 'yar jakarta ta zaro wata takarda a ninke. Takardar izinin ce. A bayan takardar akwai zanenta na jirgin ruwa da wani mutum mai dogayen hannuwa riƙe da kifi. Ashe takardunta na zane ne suka ƙare tun a Italiya, ta ɗauki wannan ban sani ba.

Suka karanta, suka duba hatimi, suka miƙo min kayana. Namijin ma sai da ya dara. Da suka wuce na tambayi wata ɗaliba da ke gefenmu me yarinyar ta ce. Ta ce, "Ta faɗi sunanta da naka da na mamanta, da sunan makarantarsu da na malamarsu. Ta ce mamanta na rubuta babban littafi shi ya sa kuka ba ta wuri. Ta ce kai ne babanta, kai kake dafa abinci, kai ka yi mata kitso, amma kana ja da zafi."

Na rungume Mamana. Shekararta biyar ba ta cika ba, ta tsaya gaban hukuma a ƙasar wasu ta fitar da ubanta.

Da yamma muka isa. Uwarta na tsaye a tasha, ta faɗa kaɗan amma idonta ya washe. Ta ce ta gama babi biyu, malaminta ya karɓa. Ta kuma ce ranar farko ba ta rubuta ko harafi ba, barci ta yi, ta farka ta ga ɗakin shiru ta zauna ta yi kuka. Muna tafe zuwa gida, jaka a bayana, ta ce wa yarinyar, "To ba ni labari, me da me kika gani?"

Na kasa kunne ina jiran in ji tsaunuka da garin cikin ruwa da teku. Mamana ta yi tunani sosai, sannan ta ce ta ga wani kare sanye da riga, kuma Baba ya saya mata askirim sau uku a rana ɗaya ya ce kada ta faɗa.

Uwar ta tsaya cak a tsakiyar hanya ta juyo ta dube ni. Na ce mata zafi ake yi a Italiya ba kaɗan ba, mu dai ƙarasa gida tukuna.